Talauci ne ke kawo yawan haihuwa, ko yawan haihuwa ne ke kawo talauci?

Uwar Biyar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na rasa wanda zan tambaya ya ba ni amsa ba tare da ya yi mini gori ba.

Shekarata 31, shekarar aurena 11, 'ya'yana biyar. Tsakanin na huɗu da auta wata 14 ne kacal. Kwanika na yi, ban ankara ba sai da cikin ya yi wata uku. Ranar Talata na kai auta awo. Aka ɗora ta a sikeli, ma'aikaciyar ta duba kati ta ga nauyin yana nan inda yake tun watan da ya wuce. Sai ta ɗago ta kalli yayanta da ke riƙe da gefen zanena, bai ko cika shekara biyu ba, ta ce a gaban mata kusan ashirin da ke zaune a benci: "Irinku ne kuka hana ƙasa ci gaba. Ku yi ta zubo su, sannan ku zo kuna kukan babu." Ban tanka mata ba. Na karɓi katina, na goya 'yata, na ja hannun yaron muka fito. Sai da na kai bakin titi hawayen suka zubo.

Abin da ya fi ci mini rai, da niyyar tambayar maganin tazara na je ranar. Mun riga mun yi shawara da maigidana, shi ma ya ce in huta. Amma bayan wannan magana bakina ya ƙi buɗuwa.

Mahaifiyata goma sha ɗaya ta haifa, mu shida muka rayu. In tana lissafa mu ba ta tsallake waɗanda suka rasu. Takan lanƙwasa yatsa ga kowa, in ta zo kan wanda ya tafi sai ta ɗan dakata ta faɗi abin da ya ɗauke shi: wannan ƙyanda, wannan zazzaɓi, wannan gudawar kwana uku. Yau tsufa ya kama ta, ba fansho, ba ajiya, mu shidan nan ne cinta da maganinta. Da ta tsaya a uku, wa ya san ko ɗaya zai rage mata? Don haka ba zan taɓa yarda a ce mini wauta ta yi ba.

Amma kuma ina ganin ɗakina. Babbar 'yata shekararta tara, duk ranar da na tashi ba lafiya ita ke fashin makaranta ta riƙe ƙannenta. Keken ɗinkina ya kusa shekara biyu a lulluɓe. In na miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ni.

To ga tambayata, don Allah masu sani. Ina jin ana cewa mutanen duniya sun haura biliyan 8, wai kuma ƙasashe masu tasowa ne ke ta ƙaruwa. Da gaske yawanmu ne ya talauta mu, ko talaucin ne ya sa muke haihuwa da yawa? Sannan maganin nan, gaskiya ne yana lalata mahaifa?

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ki yi haƙuri. Na shekara 22 ina karɓar haihuwa, kuma na san irin wannan baki ya kori mata daga asibiti fiye da yadda nisan hanya ya kore su. Ba ta kyauta ba ko kaɗan. Kada ki bari maganarta ta hana ki abin da kika je nema, haƙƙinki ne.

Batun arzikin ƙasa na bar wa masu shi, ni jikinki zan yi wa magana. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta bari aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani cikin, in kuma ɓari ta yi, wata 6. Dalilin a bayyane yake. Ciki da shayarwa suna zuƙe jinin uwa, in wani cikin ya shiga kafin jiki ya mayar da abin da ya rasa, uwa na fama da ƙarancin jini, jariri na iya zuwa bakwaini ko ɗan ƙarami, na bayan kuma a yaye shi ba shiri. Jirin da kike ji, ki sa a auna miki jini. A 2023 mata kusan dubu 260 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Zubar jini na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke su, kuma macen da ta shiga naƙuda ba jini a jikinta ita ce ba ta jure zubar.

Kwanikar da kika yi ba sakaci ba ne. Yawancinmu an gaya mana shayarwa na hana ciki, ba a gaya mana sharuɗɗan ba. Uku ne, kuma sai sun haɗu gaba ɗaya: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi.

Hanyoyin suna da yawa. Akwai ƙwaya ta kullum, akwai mai dacewa da mai shayarwa. Akwai allurar wata uku. Akwai ashanar da ake sa wa a ƙarƙashin fatar damtse, tana kai shekara uku zuwa biyar gwargwadon irinta. Akwai wadda ake sa wa a cikin mahaifa, tana iya kai shekara goma. Akwai kwaroron roba, wannan na maigida ne. Ba wadda ke lalata mahaifa a cikinsu, amma ba zan ɓoye miki ba, suna da nasu. Ashana da allura sukan rikita al'ada, wata ta yi ta ganin ɗigo-ɗigo, wata ta ɗauke mata gaba ɗaya. Allura kuma in an daina, ciki kan yi jinkirin wasu watanni, wani lokaci har shekara. Ashana ana cire ta haihuwa ke dawowa. Rashin faɗa wa mata wannan tun farko shi ya haifi rabin jita-jitar da kike ji. Mace ta ga jini ba a gargaɗe ta ba, dole ta ce an cuce ta.

Sannan nauyin auta da ya tsaya, wannan kada a bar shi ya kwana. Ki koma a duba ta da kyau, ki nemi wata ma'aikaciyar in da hali.

Malamin Aji ya amsa:

Malama, tambayarki ta farko ta fi shekara ɗari biyu ana gardama a kanta. A 1798 wani malamin Ingila, Thomas Malthus, ya ce mutane na ƙaruwa fiye da abinci, ƙarshenta yunwa ce za ta rage su. A 1968 wani Ba'amurke, Paul Ehrlich, ya sake tayar da maganar, ya yi hasashen ɗaruruwan miliyoyi za su mutu da yunwa nan kusa. Hakan bai faru ba. Sabbin irin alkama da shinkafa da taki da noman rani sun ninka amfanin gona a Asiya. Mutanen duniya sun tashi daga biliyan 2.5 a 1950 zuwa biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, kuma kason masu fama da matsanancin talauci raguwa ya yi. Ki duba kuma: Holand na da mutum sama da 500 a kowace murabba'in kilomita, tana cikin masu arziki. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta wuce mutum goma ba, tana cikin mafi talauci. Da yawan kai kaɗai ne matsalar, da ba haka lissafin zai fito ba.

Abin da mahaifiyarki ta yi lissafi ne, kuma lissafin daidai yake a zamaninta. Inda yara ke mutuwa, inda ba fansho, inda gona ke buƙatar hannu, haihuwa da yawa ita ce ajiyar talaka. Shi ya sa kusan ko'ina a duniya mutuwar yara ce ke fara raguwa, sai iyaye su ɗau shekaru kafin zuciyarsu ta yarda cewa waɗanda suka haifa za su rayu, sannan haihuwa ta sauka. A tsakanin waɗannan biyun ne jama'a ke ƙaruwa da sauri. A 1990 yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da miliyan 12 suka mutu a duniya, a 2022 ba su kai miliyan 5 ba. Wato wani ɓangare na ƙaruwar da ake yi mana gori da ita, 'ya'yanmu ne suka daina mutuwa.

Misalin da na fi so shi ne Bangladesh, saboda ƙasar Musulmi ce kuma talaka ce lokacin da abin ya fara. A farkon shekarun 1970 mace kan haifi kusan bakwai, kuma cikin kowane yara dubu sama da 200 ba sa kai shekara biyar. Yau haihuwar ta dawo wajen biyu, mutuwar yaran ta sauko kusan 30 cikin dubu. A 1977 aka fara wani aiki a yankin Matlab: a wasu ƙauyuka aka ɗauki mata 'yan garin, aka koya musu, suna bi gida-gida duk mako biyu suna zama da matan aure, suna kai musu hanyoyin tazara, daga baya aka haɗa da rigakafin yara. Sauran ƙauyukan aka bar su da asibitin gwamnati kamar yadda aka saba. Bayan kusan shekara ashirin da aka koma aka duba, ƙauyukan da ake ziyarta haihuwarsu ta fi raguwa, yaransu sun fi rayuwa, matan sun fi ƙoshin lafiya, gidajen kuma sun fi tara abin hannu. Ki lura, ba wanda ya tara su a benci ya zage su. Mace ce irinsu ke shigowa ta zauna a tabarma. Ga kuma karatun 'ya'ya mata da gwamnati ta tallafa wa, ga masana'antun ɗinki da suka ɗauki miliyoyin mata aiki.

Sai dai zan faɗi ɗaya ɓangaren, don in na ɓoye na yi ha'inci. Yawan mutane daban, saurin ƙaruwa daban. Ni ajina yara 94 ne. In na ba da aikin gida, kafin in gama duba littattafan mako ya ƙare, kuma akwai yaran da har zangon ya fita ban ji muryarsu ba. A ƙasa kamar Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ma'ana kowane babba mai aiki yana ɗauke da yaro a wuya, kuma ko gwamnati mai gaskiya ce sai ta yi ta gina ajujuwa da asibitoci don kawai a tsaya inda ake. Koriya ta Kudu a 1960 mace na haihuwar shida. Da haihuwa ta sauka, masu aiki suka fi waɗanda ake ciyarwa yawa, iyaye da gwamnati suka zuba abin da suka samu a karatun yaran da ke ƙasa. Amma wannan ribar ba ta zuwa da kanta, sai akwai makaranta mai kyau da aikin yi. In babu, matasa ne za su cika gari ba abin yi.

Don haka amsata: talauci ne ke fara kawo yawan haihuwa, sannan haihuwa kusa-kusa ta riƙe gida a cikin talaucin. Hujjar tana ɗakinki. 'Yarki mai shekara tara da ke fashin makaranta, a kanta zaren yake ɗaurewa. In ta yi karatu ta gama, da wuya ta zo ta yi tambayar da kika yi yau.

Dattijo ya amsa:

'Yata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki zuri'a. Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni hankalina bai kwanta da masu wannan kiran ba, kuma ina da dalili.

A Indiya tsakanin 1975 da 1977, lokacin dokar ta-ɓaci, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa na dindindin, da yawansu talakawa ne da aka tilasta. A Peru, zamanin Shugaba Fujimori, an ɗaure mahaifar mata sama da dubu 270, akasari 'yan ƙauye da ba su ma jin yaren da aka rubuta takardar da shi. Sin ta yi shekara 35 tana tilasta wa mutane ɗa ɗaya. Yau ina aka kwana? Sin ɗin ta dawo a 2021 ta ce a haifi uku, mutane sun ƙi. Koriyar da Malam ya yaba, a 2023 haihuwarta ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, wato ko ɗa ɗaya bai kai ba, ana rufe makarantu don ba yara. Duk wannan da sunan yaƙi da talauci aka fara shi, kuma kullum a jikin talaka ake gwadawa.

Ni abin da na gani a rayuwata, ƙasa na da ma'adinai da ƙasar noma da ruwa, 'yan tsiraru su kwashe, sannan a juyo a ce wa mai goyo ita ce matsala. Ya fi sauƙi a ɗora wa mace laifi da a tambayi inda kuɗin asibiti ya shiga. Kowane yaro da baki ɗaya yake zuwa amma da hannu biyu. Kuma Allah ya ce kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci, shi ke arzuta su da ku.

Uwar Biyar ta amsa:

Baba na gode, kuma abin da ka faɗa na Indiya da Peru ya girgiza ni, ban taɓa ji ba. Na yarda da kai cewa ba ni na ci kuɗin asibiti ba. Amma Baba, ni ba wanda ya tilasta mini. Ni ce da kaina nake son in huta, don ranar da na haifi auta sai da aka ƙara mini jini leda biyu, ina jin maigidana a waje yana ta kiran 'yan uwa a waya ana neman mai irin jinina. Ba tsoron abin da za su ci nake ba. Tsoro nake in tafi in bar su.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Baba, da girmamawa, ina so in ƙara wani abu a kan ayar da ka kawo, ta cikin Suratul Isra'i. Ayar tana magana ne a kan kashe ɗan da aka riga aka samu, kamar yadda ake yi a jahiliyya. Jinkirta ɗaukar ciki wani babi ne daban, kuma malamai sun yi maganarsa tun da daɗewa a ƙarƙashin azalu, wato miji ya janye ya zubar da maniyyi a waje. Hadisin Jabir, Allah ya yarda da shi, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka. Sannan Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, wanda ya zo kusa da abin da Anti ungozoma ta faɗa.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamban 1988 a kan wannan mas'ala. Abin da ta yanke ya ba ka gaskiya ta wani gefe, ya ba 'yar uwarmu ta wani gefen. Ta ce bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta iyakance wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da larura. Amma ta halatta tazara ta wani lokaci in akwai buƙata, bisa shawara da yardar miji da mata, matuƙar hanyar ba ta da cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Abin da aka yi a Indiya da Peru da Sin yana cikin na farkon. Abin da Yaya ke nema yana cikin na ƙarshen.

Iran ma ta bi ta nan. Daga 1989 malamanta suka goyi bayan shirin, ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka suka kai shi ko'ina, haihuwa ta sauko daga sama da shida a farkon shekarun 1980 zuwa wajen biyu a shekara ta 2000. Yanzu gwamnatinsu ta juya tana kiran a ƙara haihuwa. Wannan ya sa ni ma nake ganin kada mace ta ɗora shawarar jikinta a kan abin da gwamnati ke so a bana, don gwamnati na canza ra'ayi. Yaya, ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki gaya masa batun ƙarin jinin nan dalla-dalla.

Uwar Biyar ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na dawo in faɗa muku yadda aka yi.

Jiya Alhamis muka koma, wannan karon tare da maigidana, ya ɗauki yaron a kafaɗa. Waccan ma'aikaciyar tana nan, na wuce ta na jira layin wata. Wannan ta ba mu kujera, ta fito da kowace hanya ta ajiye a tebur, ta bar ni na taɓa ashanar da hannuna. Ashe ba ta fi tsinken ashana ba da gaske, kuma lanƙwasuwa take yi. Maigidana ya yi tambaya ta fi goma, har da ko za ta iya tafiya cikin jiki ta ɓace. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya ba ta ƙosa ba. Aka auna jinina, ya yi ƙasa kamar yadda Anti ta yi zato, an ba ni maganin ƙarin jini na wata uku. Ashanar shekara uku na zaɓa. An yi mini allurar kashe zafi a damtsen hagu, kafin in gama karanta addu'a an gama.

Da yamma na je wajen mahaifiyata, gabana na faɗuwa, don na ɗauka za ta yi faɗa. Na nuna mata filastar. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko duka biyar ɗin an yi musu rigakafin ƙyanda. Na ce huɗu an yi, auta sai ta kai wata tara. Ta ce to kada in kuskura ranar ta wuce ni.

Malam, maganar 'yata ta zauna mini. Mun yi da mahaifinta cewa ko ina kwance ba za ta sake fashi ba, ƙanwarsa za ta riƙa zuwa ta kama mini.

Anti, tambaya ɗaya ta rage. Wajen ya ɗan kumbura kuma ya yi duhu, in na ɗaga hannu yana ja. Haka yake yi, ko in koma? Auta kuma sun ce tsawonta lafiya, nauyin ne ya tsaya, sun nuna mini yadda zan ƙara mata abinci a kan nono, za mu koma awo bayan mako biyu.